Filasma mai inci 42 da ya ƙone faranti biyu: yadda aka bi sawun matsalar a Maraɗi

Talabijin ɗin filasma ne mai inci 42, ƙirar wajen 2009, mallakar wani gidan kallon ƙwallo da ke unguwar Ali Ɗan Sofo. A watan Mayu aka kawo shi shago cikin adaidaita, a tsaye, yaro yana riƙe da shi, wanda shi ne daidai, domin gilashin filasma ba ya son a kwantar da shi a kan hanya mai gargada. Da aka jona shi, jar fitilarsa ta kama. Da aka danna maɓallin kunnawa sai rile, wato makunnin da ke cikinsa, ya yi ƙas, bayan daƙiƙa biyu zuwa uku ya sake yin ƙas, komai ya mutu. Gilashin bai ko yi ɗan hasken nan da filasma ke yi kafin hoto ya fito ba.

Wannan alama ita kaɗai ba ta faɗin komai sai abu ɗaya: akwai inda wuta ta haɗe, kuma farantin wuta, wato allon lantarkin da ke ba sauran sassa wuta, yana kashe kansa don kada ya ƙone. Inda bayani yake shi ne abin da ya faru kafin mutuwar, shi ya sa ba a taɓa sukuru ko ɗaya ba sai da aka zauna da mai kayan.

"Alhaji, kafin ya mutu gaba ɗaya, me kuka fara gani a hoton?"

"Malam, tun cikin sanyi ne. In an kunna shi sai ka ga jajayen ɗige-ɗige suna yawo a inda hoton yake da duhu, in ya ɗan jima sai su ɓace. Daga baya suka daina ɓacewa. Wani mai gyara ya zo ya murɗa wani abu a bayansa, hoto ya wanke tas."

"Daga nan fa?"

"Bayan ƴan makonni wani baƙin layi ya ratsa shi a kwance, ta can sama, faɗinsa kamar yatsa huɗu. Ranar ana wasa, mutane sun biya, ba mu kashe ba. Sai muka ji ɗas."

Ragowar labarin shi ne an aika Kano an sayo farantin Y na hannu, wato allon da ke hura wutar gilashin, a madadin wanda ya ƙone, an ɗaura, an kunna, shi ma ya fashe nan take. Don haka talabijin ɗin ya iso da matattun farantai biyu, ɗaya a jikinsa, ɗaya a leda.

Abin da ke cikin akwatin

Gilashin filasma gilasai biyu ne da aka manne, tsakaninsu ƙananan ɗakuna cike da iskar niyon da zenon. In wuta mai ƙarfi ta ratsa ɗaki, iskar ta fitar da hasken da ido ba ya gani, shi kuma ya bugi garin fosfo da aka shafe ɗakin da shi, ya ba da ja ko kore ko shuɗi. Babu fitila a baya kamar ta LCD, kowane ɗigo shi ke haska kansa. Wannan gilashin yana da layuka 768 a kwance da ɗigo 1024 a kowane layi, kowane ɗigo kuma ɗakuna uku ne, ke nan layukan tsaye 3072.

Aikin kunna su ya rabu tsakanin farantai. Farantin wuta yana samar da Vs, wadda ke kusan bolt 200, da Va mai kusan bolt 60, da ƙananan layuka na bolt 5 da 15. Farantin Y, wanda ake rubuta wa Y-SUS ko Y-MAIN, Panasonic kuma ta kira shi SC, shi ne mai aiki mafi nauyi: yana share gilashin, yana zaɓen layi, yana kuma ci gaba da hura wutar. Abokin aikinsa yana ɗaya gefen, X a wurin Samsung, Z a wurin LG, SS a wurin Panasonic. Tsakanin farantin Y da gilashi akwai dogayen farantai biyu sirara, bafa ta sama da ta ƙasa, su ke raba wutar layi-layi. A wannan talabijin kowace bafa tana ɗauke da IC huɗu, wato ƴan baƙaƙen sassan lantarki masu ƙafafu da yawa, kowane IC yana riƙe da layi 96. Tsayin hoton inci 42 kusan santimita 52 ne. A raba shi takwas a samu santimita shida da rabi, wato yatsa huɗun da Alhaji ya faɗa. Tun kafin a buɗe baya an riga an san IC ɗaya ne a bafar sama ya fara mutuwa.

Layi a kwance kullum ɓangaren Y ake tuhuma: bafa, ko ribon ɗinta, wato faffaɗar wayar da ke haɗa ta da gilashi, da bai zauna ba, ko layin cikin gilashin kansa. Layi a tsaye wani gida ne daban. In mai faɗi ne, a duba farantan da ke jere a ƙasa da ribon da ke zuwa musu daga farantin sarrafa hoto. In siriri ne kamar zare, yawanci IC ɗin da ke manne a jikin ribon na gilashi ne, kuma wannan ba a canza shi da kayan aikin shago.

Kafin a sa hannu

An cire filogi, an buɗe baya, an sauke wutar da ke kwance a kondansoshi, wato ƴan gwangwanayen da ke adana wuta. Babban kondansa na farantin wuta, mai 450V a jikinsa, yana riƙe kusan bolt 390 in talabijin yana aiki, na layin Vs kuma bolt 200, kuma suna iya riƙe ta bayan an cire filogi, musamman in layin da ke shanye ta ya yanke. Ana sauke su da rezista 22k mai wat 10, sannan a auna da mita a tabbatar sun sauka ƙasa da bolt 10. Haɗa ƙafafunsu da sukundireba yana cin dalma, yana raunana kondansan, wani lokaci ya kashe abin da ke kusa.

Ƙura ta rufe komai, ja, mai laushi, irin wadda iskar hunturu ke shigarwa ta kowace kafa. A kan ƙarafan sanyaya na farantin Y ta yi kauri har ta toshe tsakanin haƙoransu. An hure ta da abin hura iska, an bi da burushi mai laushi, sannan aka nemi takardar da ke manne a bayan gilashin. Wannan takarda ita ce mafi muhimmanci a cikin akwatin gaba ɗaya. A nan an rubuta bolt ɗin da kowane layin wuta ya kamata ya bayar: Vs 200, Va 60, Vsc ta farantin Y -190, Ve ta farantin X 100. A masana'anta ake auna kowane gilashi a rubuta masa nasa, don haka talabijin biyu masu lamba ɗaya suna iya bambanta da ƴan bolt. Ba a kwafar lambar wani a saita wa wani.

Neman inda wuta ta haɗe

Da mita a kan om, tsakanin layin Vs da ƙarfen jiki an samu om 3. Aka zare wayar da ke zuwa farantin Y, sai awon ya fara hawa a hankali kamar yadda kondansa mai lafiya ke yi. Ke nan shot ɗin, wato haɗewar wutar, yana farantin Y, farantin X da na wuta ba su haɗe ba. Taransistocin farantin X an bi su ɗaya bayan ɗaya a ma'aunin diyod, babu wanda ya haɗe.

A nan ne mai gyaran farko ya tsaya ya ce farantin Y ne, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai farantin Y ba kasafai yake mutuwa haka kawai ba. Tambaya biyu suka rage: me ya kashe shi, kuma abin yana nan ko ya tafi?

An raba bafofin biyu da farantin Y, an zare ribon ɗin gilashi daga jikinsu. Bafa tana da nata gindin wuta da bai haɗu da ƙarfen jiki ba, wanda ake rubuta wa FG ko makamancinsa, kuma daga nan ake awo. Jan tsinken mita a kan FG, baƙin a kan ƙafafun da ke fita zuwa gilashi, ana jan sa a hankali daga farko zuwa ƙarshe: kowace ƙafa mai lafiya tana nuna tsakanin 0.5 da 0.8 a ma'aunin diyod, kuma duk su yi kusa da juna. In an juya tsinkayen, mita ba za ta nuna komai ba. Bafar ƙasa ta wuce wannan gwaji, ƙafafu 384 duka. A bafar sama, da aka iso IC na biyu sai mita ta fara kuka, ƙafafu da yawa sun haɗe ta kowane ɓangare. Layin wutar bafar da FG su ma sun haɗe. Da aka haska fitila a kan IC ɗin, ga ɗan rami kamar na allura a bayansa, roban da aka zuba a kan ƙafafunsa ya yi baƙi a gefe ɗaya.

Wannan gwajin bai kai minti goma ba, kuma da an yi shi da farantin Kano bai mutu ba. Duk farantin Y da aka jona wa bafa mai shot, wutarsa za ta bi ta cikin shot ɗin, taransistocinsa su fashe cikin daƙiƙa. Haka nan in aka ɗaura sabuwar bafa a kan farantin Y mai matsala, shi ma yana iya kashe ta. Tare ake auna su, tare ake yanke musu hukunci.

Kafin a kashe ko dala a kan kaya, sai da aka tabbatar gilashin yana raye. An duba ɗan bututun gilashi da ke kusurwar baya, inda aka cika iskar aka toshe a masana'anta. In ya karye iskar ta fita, magana ta ƙare. Lafiyarsa lau. An duba gefuna babu tsaga, babu tabon ƙuna a gaba. An auna tsakanin layukan ribon da ke maƙwabtaka a yankin IC ɗin da ya ƙone, da tsakaninsu da ɓangaren X, da tsakaninsu da ƙarfen jiki, mita ba ta nuna haɗuwa ba. Da gilashin ne ya haɗe a ciki, duk bafar da aka sa masa zai cinye ta, kuma shawara ɗaya ce: a sayar da shi kayan gyara.

Farantin wuta, inda abin ya samo asali

An gwada farantin wuta shi kaɗai, an zare Y da X. Tayar da shi ba tare da babban faranti, mai ba shi umarnin kunnawa, ba yana buƙatar a ba ƙafafun PS-ON da VS-ON umarni da hannu, kuma kamfanoni sun bambanta: wasu ƙasa ake kai ƙafar, wasu bolt 5 ake ba ta ta cikin ƙaramin rezista. Sai a karanta abin da aka rubuta a jikin farantin, ba a yin kirdado a nan. A matsayin kaya, wato abin da zai ja wutar, an ɗora wa layin Vs ƙwan fitila mai zare na wat 100, irin na 220V, wanda ya dace da bolt 200. Ƙwan LED ba ya wannan aiki, shi ya sa duk shagon da ke taɓa filasma yake ɓoye tsofaffin ƙwayaye masu zare.

Ƙwan ya kama, mita ta nuna Vs 214. Takarda ta ce 200. Ga abin da aka murɗa. Va tana 60 daidai. Layin bolt 5 ya nuna 4.7, layin bolt 15 kuma 12.6, yana rawa.

Kondansoshi biyu na 1000µF/16V a layin bolt 5 sun kumbura, ana gani da ido. Na 470µF/25V a layin bolt 15 kansa a shafe yake kamar sabo, amma mitar ESR, mai auna lafiyar cikin kondansa, ta nuna ya bushe. Manyan biyu na 680µF/250V a layin Vs, da aka cire su aka auna, ɗaya ya sauka ƙasa da 500µF. Ido yana kama kondansan da ya kumbura ne kawai; wanda ya bushe a tsaye sai mita.

Daga nan labarin Alhaji ya jeru da kansa. Ruwan da ke cikin kondansa yana bushewa da zafi, kuma ƙa'idar da masu ƙera su ke bayarwa ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ransa biyu. Talabijin da ke aiki sa'o'i da yawa a ƙarƙashin kwano, a garin da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, ƙura kuma ta toshe masa hanyar iska, kondansoshinsa ba za su kai shekarun da aka ɗiba musu ba. Kondansan da ya tsufa ya fi gazawa in yana da sanyi, ya ɗan farfaɗo in ya ɗumama, shi ya sa ɗige-ɗigen suka fara a Disamba da Janairu, suna ɓacewa in talabijin ya yi zafi. Su ɗige-ɗigen kansu ɗakuna ne da ke kamawa ba a umarce su ba, ko suke ƙin mutuwa a kan lokaci, saboda daidaiton da ke tsakanin Vs da sauran layuka ya ɓaci.

Ƙara Vs ya rufe alamar, ciwon yana nan. Kamar a ƙara wa jakin da ƙafarsa ke ciwo bulala ne: zai yi sauri na ɗan lokaci. Bolt 14 a kan abin da gilashi ke so yana nufin kowane bugu yana jan wuta fiye da ƙima, kuma duk wannan wutar ta cikin IC ɗin bafa take wucewa. Wanda ya fi rauni a cikinsu ya fara sallamawa, baƙin layi ya fito. A daidai wannan lokaci, da an kashe talabijin, bafa ɗaya da kondansoshi kawai za a saya.

Layin bolt 15 da ya faɗi shi ne abin da mutane da yawa ba sa kulawa da shi, alhali shi ke buɗe ƙofar taransistocin IGBT, wato manyan makunnan wuta na farantan Y da X. IGBT yana son a buɗe shi gaba ɗaya a rufe shi gaba ɗaya. In wutar ƙofarsa ta gaza, sai ya buɗe rabi-rabi, wuta mai yawa tana bi ta cikinsa yana mai da ita zafi. Taransistocin farantin Y sun daɗe suna dahuwa kafin shot ɗin bafa ya ƙarasa su. Ko da an canza bafa da farantin Y duka, in ba a gyara wannan layi ba, talabijin ɗin zai dawo shago.

Gyaran

An canza kondansoshi biyar ɗin, da ƙananan da ke kusa da ƙarfen sanyaya na farantin wuta, domin shekarunsu ɗaya kuma zafi ɗaya suka sha. Duk wanda aka sa mai 105°C ne, mai ƙaramin ESR. Ana iya hawa sama a bolt, a sa na 25V a gurbin na 16V in wuri ya isa, amma ba a sauka ƙasa, µF kuma a bar shi yadda yake. Bayan haka layin 5 ya koma 5.1, na 15 ya tsaya a 15 cak. Tun ƙwan fitila yana jone aka mayar da mamurɗin Vs zuwa 200, don kada sabbin kaya su fara rayuwa da bolt 214.

Cikin farantan Y biyu, na asali aka zaɓa. Na Kano ya fi ƙonewa, wuta ta ci jikinsa har ya yi gawayi a tsakanin layuka biyu, kuma gawayi yana ɗaukar wuta, ko an kankare ba a cika amincewa da shi a bolt 200 ba. Ban da haka, lambar da ke kan takardarsa ta bambanta da ta asali a haruffan ƙarshe. Faranti yana iya shiga gurbi daidai, filogi ya zauna, amma an yi shi ne don wani zubin gilashi.

A farantin asali an samu IGBT biyu sun haɗe, diyod ɗaya mai sauri ya haɗe, fis na layin Vs ya yanke, rezistocin ƙofa biyu na om 10 ɗaya ya yanke ɗaya ya tashi sama. IGBT ɗin uku ne a jere suna raba aiki ɗaya, don haka ukun aka canza duka, da irin lamba ɗaya. In aka bar tsoho a tsakanin sababbi ba sa raba kaya daidai, ɗaya zai ɗauki fiye da rabonsa. Ƙaramin IC da ke tuƙa ƙofofinsu shi ma an canza shi ko da mita ba ta kama shi da laifi ba, domin in IGBT ya haɗe yakan tura bolt 200 baya ta ƙofarsa, kuma IC ɗin da aka yi don bolt 15 ba ya fita lafiya daga wannan. Barin sa shi ne dalilin da ya sa gyara da yawa ke sake fashewa a kunnawar farko.

Lambobi suna da muhimmanci. 30F124 na bolt 300 ne, 30J124 na bolt 600, harafi ɗaya ya raba su kuma kamanninsu ɗaya. Kasuwa kuma cike take da jabu, waɗanda aka goge wani taransista aka buga masa lambar da ake nema. A ra'ayinmu, IGBT da aka ciro daga farantin talabijin da gilashinsa ya fashe, aka auna shi, ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. Nan ma haka aka yi. An goge tsohon man sanyaya, an shafa sabo siriri, an ɗaure su a jikin ƙarfen kafin a like ƙafafunsu da dalma, don kada ɗaurin ya ja dalmar ta tsage. An sake bin dalmar manyan nadin waya na farantin, waɗanda zafi da girgiza ke sa wa zobe a gindi.

Bafar sama an samo ta ne daga wani talabijin mai lamba ɗaya da ya faɗi gilashinsa ya fashe, aka yi mata gwajin diyod kafin a biya. Canza IC ɗaya a kan bafa yana yiwuwa ga mai injin iska mai zafi da hannu mai natsuwa, amma ƙafafun sun fi ɗari kuma a matse suke, sannan dole a sake rufe su da silikon, in ba haka ba ƙura da laimar damina za su sa wuta ta yi tsalle tsakaninsu. Silikon mai warin tsami ba ya yi, yana cin tagulla.

Wajen mayar da ribon an ɗauki lokaci. Kowane ribon yana da ƴan kunnuwa a gefe da dole su shige gurbinsu kafin a rufe maƙalli. In ya karkace ko da kaɗan, ko dai sirirrin layuka su fito a hoto, ko ƙafa ta hau kan maƙwabciyarta sabuwar bafa ta ƙone. Sukurori kuma duk an mayar an ɗaure. A filasma sukuru ba riƙe faranti kawai yake yi ba, ta cikinsa wuta mai yawa ke komawa ƙarfen jiki, kuma wanda ya yi sako-sako yana tartsatsi a ƙarƙashinsa har ya ƙona wurin.

Kunnawa da saiti

Ba a jona komai lokaci ɗaya ba. Farko farantin wuta da babban faranti da na sarrafa hoto, aka ga ƴar fitilar farantin sarrafa hoto tana ƙiftawa daidai, sauti ya fito. Aka kashe, aka jira Vs ta sauka, aka ƙara X. Aka sake kashewa, aka ƙara Y ba tare da bafa ba, wanda wannan ƙirar ta yarda da shi, aka ga Vs ta tsaya kuma Vsc ta fito. Sai a ƙarshe aka jona bafofi. Ba a taɓa sa ko zare filogi a cikin filasma alhali akwai sauran wuta a Vs. Dabarar da masu gyara ke yi ta jera ƙwan fitila a layin shigowar wuta don kare kaya tana da amfani a matakan farko kawai. Da zarar gilashi ya kama, abin da yake ja ya fi ƙarfin ƙwan wat 100, talabijin zai riƙa mutuwa yana tashi ba tare da laifi ba.

Hoto ya fito, cikakke daga sama har ƙasa. An sa farin hoto zalla daga filashi aka bar shi minti 15 ya ɗumama, domin a kan fari gilashi ke jan wuta mafi yawa kuma a nan ake saiti. An maƙala tsinken mita tun talabijin yana kashe, an yi aiki da hannu ɗaya da sukundireba na roba. Vs da Va ake fara saitawa, sannan Vsc da Ve, kowanne kada ya kauce wa takarda da fiye da bolt ɗaya. Vsc ta nuna -186 aka kai ta -190. Akwai wasu mamurɗai a farantin Y da ke saita gangaren bugun share gilashi. Waɗannan sai da osiloskop da takardar kamfani, kuma tunda ba a taɓa su ba a baya, an bar su yadda suke.

An bi da ja zalla, kore, shuɗi, toka-toka da baƙi. A kan baƙi da toka ne ɗige-ɗige ke fitowa in suna nan, babu ko ɗaya. Gwajin da ya fi muhimmanci shi ne na safiya, talabijin ya kwana a kashe, tunda a sanyi ciwon ya fara. Nan ma hoto ya tashi tas. Zafin IC ɗin bafa an auna shi da ma'aunin zafi mai haske daga nesa, ba da yatsa ba, domin bafa tana ɗauke da ɗaruruwan bolt in tana aiki. Takwas ɗin sun yi kusa da juna. Da ɗaya ya fi sauran zafi sosai, shi ne mai bi.

Abu ɗaya bai gyaru ba. A kusurwar sama ta hagu, in hoto fari ne, ana ganin inuwar akwatin da ke nuna ci da minti, da tambarin tasha a dama. Shekaru ana kallon ƙwallo, fosfon wurin ya tsufa fiye da na kewaye. Inuwar da ta kwana ɗaya tana gogewa in an sa farin hoto ko hoto mai motsi na ƴan sa'o'i, amma wadda fosfo ya ci babu mai mayar da ita. An gaya wa Alhaji haka tun kafin ya gani da kansa.

Wurin da zai koma

A gidan kallon, talabijin ɗin yana cikin akwatin katako mai kwaɗo saboda ɓarayi, bayansa a rufe ruf. Filasma mai wannan girma yana cin wat 200 zuwa 300 a hoto mai haske, kuma kusan duka zafi yake zama. An ce a yanke bayan akwatin da samansa a sa raga, a bar aƙalla santimita 10 ta kowane gefe, a sa ƙaramar fanka tana jan iska ta sama. A buɗe baya a hure ƙura in hunturu ya wuce, kafin zafin bazara ya shigo. A sauke hoton daga saitin da ya fi kowane haske zuwa matsakaici, wanda ke rage zafi da cin fosfo tare. In za a koma janareto ko a dawo wutar gari, a kashe talabijin tukuna, a jira injin ya daidaita. Sitabilaiza mai 1000VA da ke jinkirta ba da wuta ya isa masa.

Ko gyaran ya cancanci kuɗinsa, wannan ya danganta da mai kaya. Pioneer ta sanar da barin harkar a 2009, Panasonic da Samsung da LG duk sun daina zuwa ƙarshen 2014, don haka babu sabon faranti da ke fitowa daga masana'anta, duk abin da ke kasuwar Maraɗi ko Katsina ko Kano daga jikin wani mataccen aka ciro. Wat 250 na sa'a takwas kilowat-awa biyu ne a rana, LED mai girmansa kuma bai kai sulusin haka ba. Ga mai amfani da sola da batir, ba mu ba da shawarar a gyara filasma. Ga gidan kallo, inda mutane ke zaune har gefe-gefe kuma ƙwallo ke gudu, hoton filasma ba ya dushewa daga gefe kuma ba ya jan jela a motsi, gilashin nan kuma lafiyayye ne, don haka gyaran yana da hujja.

Bafar ƙasa ita ce abin da ke da sauran shakka. Ta ci gwaji, amma ta yi makonni tana aiki a bolt 214 kamar ƴar uwarta. An shaida wa Alhaji cewa in ya sake ganin baƙin layi a kwance, ko ana tsakiyar wasa ne, ya zare filogi nan take, kuma in ɗige-ɗige suka dawo kada kowa ya murɗa komai sai an auna an gwada da takardar gilashi. An rubuta awon ranar da alƙalami a cikin murfin baya, Vs 200, Va 60, Vsc -190, Ve 100, layin 15 yana 15, tare da jerin kondansoshin da aka canza, aka kuma sa shi ya dawo da shi a sake awo in damina ta kama.